Talakawan da suka tarbi gawar Fafaroma Francis, da ƙungiyar da ta san sunayensu

Ranar Asabar 26 ga Afrilun 2025 aka yi jana'izar Fafaroma Francis, kuma kashi biyu aka yi ta. Kashin farko duniya ta gani: dandalin Saint Peter a fadar Vatican cike da mutum kusan 250,000, sarakuna da shugabannin ƙasashe jere a kujerun gaba, cikinsu har da Donald Trump da Volodymyr Zelensky da Javier Milei na Ajantina, ƙasar da marigayin ya fito. Kashi na biyu bai samu idon duniya kamar na farko ba. Da aka idar da addu'o'i sai aka ɗora akwatin gawar a buɗaɗɗiyar farar mota, aka ratsa tsakiyar birnin Rum tafiyar wajen kilomita 6 zuwa cocin Santa Maria Maggiore, inda ya bar wasiyya a binne shi. A kan matakalar cocin mutum kusan 40 ke tsaye suna jira, kowa riƙe da farin fure: masu kwana a titi, fursunonin da aka ba izinin fita na ranar, baƙin haure, da talakawan gari. Su ne jama'a na ƙarshe da suka yi masa ban kwana kafin a shiga da shi ciki.

Duk wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar babban mutum a ƙasar Hausa ya san yadda ake zama: manya a zaure kan darduma, mabarata a ƙofar gida suna jiran sadakar uku ko ta bakwai. A Rum ranar nan an juya tsarin, kuma da gangan aka juya shi. Sai dai mutum 40 ba sa haɗuwa da kansu a kan matakalar da jami'an tsaro suka kewaye. Dole akwai wanda ya san su, ya san inda suke kwana, ya je ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Masu wannan sanin su ne ƙungiyoyin da ke aiki da talakawan birnin, musamman Caritas, hukumar agajin cocin, da wata ƙungiya da ake kira Sant'Egidio. Ta biyun nan nake son mu duba, domin ta tarihinta ne za a fi gane abin da masu hidimar talakawa a ɗarikar Katolika suka rasa da wannan mutuwa, da kuma abin da ba su rasa ba.

Da yawa idan suka ji an ce ƙungiyar addini ta Katolika, tunaninsu kan tafi ga fada-fada da sistoci masu fararen kaya da suka yi alkawarin ba za su yi aure ba. Sant'Egidio ba haka take ba. Mafi yawan mambobinta mutanen gari ne masu iyali da sana'a: malaman makaranta, likitoci, ɗalibai, ma'aikatan gwamnati, 'yan fansho. Ba a biyan su. Kowa ya tashi daga aikinsa sai ya tafi inda aka ba shi, wani gidan tsofaffi, wani kurkuku, wani tashar jirgin ƙasa da dare ɗauke da abinci da bargo. Da yamma kuma a haɗu a yi addu'a a cocin Santa Maria da ke unguwar Trastevere, kowace rana.

Wani ɗan sakandare mai shekara 18, Andrea Riccardi, shi ya fara tara abokansa a watan Fabrairun 1968. Shekarar ce da ɗaliban Turai suka cika tituna da zanga-zanga suna neman a rushe tsohon tsari. Su waɗannan sai suka ɗauki Linjila suna karantawa tare, sannan suka nufi bakin gari, unguwannin bukkokin kwano da ke gefen kogin Tiber, inda mutanen da suka yi ƙaura daga kudancin Italiya neman aiki ke zaune babu ruwa babu wuta. Abin da suka fara yi ƙarami ne: koya wa yaran unguwar karatu bayan an tashi daga makaranta, don kada a ci gaba da korar su saboda faɗuwa jarrabawa. A 1973 suka samu wani tsohon gidan sistoci da aka bari a Trastevere, mai ƙaramin coci da sunan wani waliyyi Egidio, daga nan sunan ya bi su. Fadar Vatican ta amince da su a hukumance a 1986. Yau suna ƙasashe sama da 70, har da Nijeriya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka da dama, kuma tun 2003 Marco Impagliazzo ke shugabancinsu.

In ana son a gane salon aikinsu, sai an san labarin Modesta Valenti. Tsohuwa ce 'yar garin Trieste mai shekara 71, tana kwana a babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, wato Termini. Ranar 31 ga Janairun 1983 ciwo ya kama ta. Aka kira motar asibiti, ma'aikatan suka zo suka ga jikinta da datti da kwarkwata, suka ƙi ɗaukar ta. Aka yi ta turo wannan a tura wancan na tsawon sa'o'i, har rai ya yi halinsa tana kwance a ƙasa, a tsakiyar babban birnin Kiristocin Katolika na duniya. 'Yan Sant'Egidio sun san ta, suna zuwa wurinta. Tun daga lokacin, kowace shekara suna taron addu'a inda ake karanto sunanta da sunayen duk waɗanda suka mutu a titi, suna bayan suna, ana kunna wa kowa kyandir. Masu kwana a titi na cika cocin a ranar. Dalilinsu a fili yake: mutumin da ba shi da kowa yana so ya san cewa in tasa ta zo, akwai inda za a ambaci sunansa.

Amma ba a tsaya ga kyandir ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A Italiya kusan duk wani haƙƙi na ɗan ƙasa a rataye yake da adireshi. In ba ka cikin rajistar mazauna wata ƙaramar hukuma, ba ka da katin shaida, ba ka da likitan da gwamnati ke ba kowa, fanshonka ba zai iso ka ba, ba ka da ƙuri'a. To wanda ya rasa gida ya rasa adireshi, wanda ya rasa adireshi ya ɓace daga littafin hukuma, wanda ya ɓace daga littafi kuma ba shi da hanyar neman taimakon da zai mayar da shi gida. Maganin da aka samo shi ne titin da babu shi a ƙasa, sai a takarda. A 2002 hukumar birnin Rum ta sa wa wannan titi suna Via Modesta Valenti, kuma dubban marasa matsuguni sun yi rajista da shi sun karɓi katinsu. Wanda yake miƙa abinci ta tagar mota ya wuce ba zai taɓa gano cewa matsalar mutumin nan takarda ce ba. Sai wanda ya zauna da shi ya ji labarinsa.

Haka sauran ayyukan suke. Ɗakin cin abincinsu na titin Dandolo, wanda aka buɗe a 1988, ba layi ake bi da kwano a hannu ba. Zama ake yi a tebur, a kawo wa mutum abinci, a tambaye shi lafiyarsa. Tun 1990 suke buga wani ɗan littafin aljihu kowace shekara mai nuna inda za a ci abinci, inda za a kwana, inda za a yi wanka a birnin. Ranar Kirsimeti kuwa, tun 1982, ana kawar da kujerun ibada daga cikin cocin Santa Maria a jera tebura, talakawa su ci abincin rana a cikin cocin kansa, kowane baƙo kuma ya tafi da kyauta da sunansa rubuce a jiki. Da mutane kaɗan aka fara. Yanzu sama da mutum 200,000 ke zama irin wannan walima a ƙasashe daban-daban, har da cikin gidajen yari. Bayan tsananin zafin 2003 da ya kashe dubban tsofaffi a Turai, da yawansu su kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani, sai suka ɓullo da shirin bin tsofaffin unguwa da waya da ziyara, tare da jawo maƙwabta da masu shaguna su riƙa sa ido.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa, wane irin talauci ne a Italiya? Akwai shi. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce a 2023 mutum miliyan 5.7 na cikin matsanancin talauci, wato kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma iyalan baƙi ne abin ya fi yi wa katutu. Bambancinsa da namu shi ne kaɗaici. Talakan Turai kan rasa kuɗi ya kuma rasa dangi a lokaci guda, ga sanyin hunturu da ke kashe wanda ya kwana a waje.

To ina Francis ya shigo?

Ba shi ya kafa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba; ya tarar da su sun shekara 45 suna yi. Magabatansa ma sun san su: John Paul na biyu ya ja su a jiki, Benedict na 16 ya je titin Dandolo ya ci abinci da talakawa a Disambar 2009. Abin da Francis ya kawo daban shi ne ya ɗauko aikin daga gefe ya ajiye shi a tsakiyar fada. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar 13 ga Maris 2013, da ƙuri'u suka nuna shi aka zaɓa, Kadinal Cláudio Hummes na Brazil, ɗaya daga cikin manyan limaman cocin da ke zaɓen fafaroma, wanda ke zaune kusa da shi, ya rungume shi ya ce kada ya manta da talakawa, kuma nan take sunan Francis na Assisi ya faɗo masa a rai, ɗan attajirin nan da ya bar dukiyar mahaifinsa ya koma cikin matalauta. Bayan kwana uku ya gaya wa 'yan jarida cewa burinsa shi ne coci matalauci saboda matalauta. Ya ƙi komawa gidan da fafaromomi ke zama, ya tsaya a masaukin baƙi na Santa Marta, kuma a nan ya cika ranar Litinin 21 ga Afrilun 2025 da ƙarfe 7:35 na safe, yana da shekara 88, kwana ɗaya bayan ya fito ya sa wa jama'a albarkar bikin Ista.

Maganar ba ta tsaya a baki ba. Mai raba sadakar fada, Konrad Krajewski ɗan Poland, an ce masa ya bar tebur ya shiga gari. A 2015 aka gina wuraren wanka da wurin aski ga masu kwana a titi a ƙarƙashin ginshiƙan dandalin Saint Peter, daidai inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto. A Mayun 2019 Krajewski, yana kadinal, ya sauka ramin wayoyin lantarki da kansa ya mayar da wutar wani gini da ɗaruruwan mutane ke zaune ciki, da yara da yawa, bayan an yanke ta saboda bashi. 'Yan siyasar Italiya masu ra'ayin riƙau sun yi ca a kansa. A Nuwambar shekarar aka buɗe Palazzo Migliori, wani katafaren gida mai hawa huɗu a gefen dandalin, wanda da an mayar da shi otal da ya kawo wa fada kuɗi mai yawa. Francis ya ce a mayar da shi makwancin marasa gida, aka kuma danƙa wa Sant'Egidio tafiyar da shi. Sau biyu ya je musu har Trastevere, a Yunin 2014 da kuma Maris 2018 lokacin cikarsu shekara 50, ya kuma taƙaita aikinsu a abu uku: addu'a, talakawa, zaman lafiya. Fitarsa ta ƙarshe zuwa aikin ziyara a wajen fada, ranar 17 ga Afrilu, kwana huɗu kafin rasuwarsa, gidan yarin Regina Coeli ya je, a wannan unguwa dai. Bayan kwana 38 a asibitin Gemelli da ciwon huhu, ba shi da ƙarfin wanke ƙafafun fursunoni kamar yadda ya saba duk shekara, amma ya je.

Inda hannunsa da nasu suka fi haɗuwa shi ne batun 'yan gudun hijira. Tafiyarsa ta farko a wajen Rum, ranar 8 ga Yulin 2013, tsibirin Lampedusa ya nufa, inda kwale-kwalen da suka taso daga Libiya da Tunisiya ke sauka, in sun sauka. Wata uku bayan nan, ranar 3 ga Oktoba, jirgi ya nutse a gaɓar tsibirin, mutum 368 suka mutu, yawancinsu 'yan Eritriya. A ƙarshen wannan watan dai aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, kuma daga yankin Kance na jihar Damagaram mafi yawansu suka fito. Saboda haka wannan ba labarin wasu can ba ne. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙirga sama da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a tekun Bahar Rum tun 2014, na hamada kuwa ba wanda ya ƙirga su duka.

Sant'Egidio ta tsaya ta yi tambaya mai sauƙi: me ya sa mutum zai biya masu safara dubban daloli ya hau kwale-kwalen roba, alhali kuɗin jirgin sama bai kai haka ba? Amsa ita ce biza. Ba a ba shi, kuma ba ya iya neman mafaka sai ƙafarsa ta taka ƙasar Turai. Sai lauyoyinsu suka nemo wata ƙofa a dokar biza ta Tarayyar Turai, sashe na 25, wanda ya yarje wa kowace ƙasa ta ba da bizar jin ƙai mai aiki a cikin iyakarta kawai. A Disambar 2015 suka sa hannu da gwamnatin Italiya, tare da tarayyar cocin Furotesta na ƙasar da cocin Waldensiya, kan shigo da mutum 1,000 daga sansanonin Lebanon. Ga yadda abin ke tafiya: ma'aikatan ƙungiyoyin su je sansani su zaɓo waɗanda suka fi rauni, marasa lafiya da tsofaffi da mata masu ƙananan yara, jami'an tsaron Italiya su tantance su, a ba su biza, su hau jirgi su sauka a filin jirgin Rum. Daga nan iyalai da coci-coci da ƙungiyoyi ne ke ba su ɗaki, su sa yara a makaranta, su koya wa manya harshen Italiyanci, su nema musu aiki. Gwamnati ba ta kashe kuɗinta. Daga baya Faransa da Beljiyam suka bi sahu, aka kuma buɗe hanyar ga masu gudun hijirar da ke Habasha da Jodan da Nijar da Libiya da waɗanda suka tsere daga Afghanistan.

Ranar 16 ga Afrilun 2016 Francis ya je tsibirin Lesbos na Girka, da zai dawo ya sa iyalai uku 'yan Siriya a jirginsa, mutum 12, shida daga ciki yara. Dukansu Musulmi ne. A cikin jirgin ɗan jarida ya tambaye shi me ya sa bai ɗauko Kiristoci ba, ya ce shi bai zaɓa tsakanin Kirista da Musulmi ba, waɗannan ne takardunsu suka kammala, kuma dukansu 'ya'yan Allah ne a wurinsa. Fadar Vatican ta ɗauki nauyin kuɗinsu, Sant'Egidio ta karɓe su ta zaunar da su. Hoton ya zagaya duniya a kwana ɗaya. Aikin zaunar da iyali a baƙuwar ƙasa kuwa shekaru yake ci, kuma wannan ɓangaren ne ya faɗo kan 'yan sa-kai.

Yadda masu dafa miya suka zama masu sasanta yaƙi ma daga wannan tushe ya fito. A shekarun 1980 suna aika abinci da magani Mozambik saboda abotarsu da Bishop Jaime Gonçalves na birnin Beira. Suna cikin haka suka gane cewa muddin yaƙin gwamnatin Frelimo da 'yan tawayen Renamo bai tsaya ba, buhunan da suke aikawa ba za su ƙare yunwa ba. Daga Yulin 1990 suka zaunar da ɓangarorin biyu a tsohon gidan nan nasu na Trastevere, aka shafe wata 27 ana kai ruwa rana, har ranar 4 ga Oktoban 1992 Shugaba Joaquim Chissano da madugun Renamo Afonso Dhlakama suka sa hannu a Rum, aka kawo ƙarshen yaƙin da ya ci rayuka kusan miliyan ɗaya. Masu shiga tsakani huɗu ne: Gonçalves, Riccardi, ɗan majalisar Italiya Mario Raffaelli, da wani matashin limamin coci, Matteo Zuppi, wanda Francis ya naɗa kadinal a 2019 ya kuma tura shi Kyiv da Mosko a 2023. A Mozambik ɗin ne kuma suka fara shirin DREAM a 2002, na ba masu cutar ƙanjamau magani kyauta, a lokacin da masana da yawa ke cewa Afirka ta tsaya ga rigakafi kawai domin maganin ya fi ƙarfinta. A Burkina Faso kuwa sun taimaka aka yi wa sama da mutum miliyan 3 takardar haihuwa. Darasin Modesta ne dai: wanda ba ya cikin littafi, hukuma ba ta ganin sa.

Ba ko'ina aka dace ba. A Janairun 1995 jam'iyyun adawar Aljeriya, har da FIS mai kishin Musulunci da aka haramta, sun cimma matsaya a gidan Sant'Egidio, amma gwamnatin soja ta yi watsi da ita ta ce shisshigi ne, jini ya ci gaba da kwarara shekaru. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya an sa hannu kan tsagaita wuta a Rum a Yunin 2017, washegari aka gwabza a garin Bria. A Sudan ta Kudu, duk da Francis ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun Shugaba Salva Kiir da abokin hamayyarsa Riek Machar a Afrilun 2019 yana roƙon su, duk da sanarwar sulhu da aka sa wa hannu a Rum ƙarƙashin Sant'Egidio a Janairun 2020, har yau ƙasar ba ta zauna ba.

Akwai kuma suka mai nauyi da bai kamata a kauce mata ba. Ta farko, yawan waɗanda suka shigo ta hanyar jin ƙan nan dubbai ne kawai cikin shekara goma, alhali masu bukata miliyoyi ne. Wasu na ganin gwamnatoci na amfani da shirin su wanke kansu, suna karɓar ɗari a filin jirgi gaban kyamara, suna biyan masu gadin tekun Libiya su mayar da dubbai gidajen tsare mutane. Ta biyu, ƙungiyar ta yi kusa da masu mulki: Riccardi ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Mario Monti daga 2011 zuwa 2013. Ta uku ta shafi cocin kansa. A zamanin mai kiran coci matalauci ne aka bankaɗo cinikin wani gini a Landan da ya jawo wa fada asarar sama da Yuro miliyan 100, har kotun Vatican ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu hukuncin ɗauri a Disambar 2023, hukuncin da ya ɗaukaka ƙara a kai.

A ganina suka ta farko gaskiya ce, amma gwamnatoci ta dace da su, ba 'yan sa-kai ba. Abin da shirin ya tabbatar shi ne hanyar halal tana yiwuwa, an tantance kowa, ba wanda ya nutse, ba a kashe kuɗin talakawan Italiya ba. In ba a faɗaɗa ta ba, ba don ba a san yadda ake yi ba ne. Ta biyun kuwa haɗari ne na gaske: wanda ke bukatar sa hannun minista don ya fito da iyali daga sansani ba zai iya ɗaga wa ministan murya yadda ya kamata ba.

A nan ne girman rashin yake. Abin da ƙungiya irin wannan ba ta iya faɗa da ƙarfi, Francis yana faɗa mata. Tun 2013 ya rubuta cewa tattalin arzikin da ke ware mutane kisa yake yi, ya kuma yi tambayar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa: ta yaya tsoho zai mutu da sanyi a titi bai zama labari ba, amma kasuwar hannun jari ta sauka da maki biyu ya zama labari? Wasu a Amurka suka kira shi ɗan gurguzu, ya ce shi abin da ke cikin Linjila yake faɗa. Ya ware ranar talakawa ta duniya a kalandar coci, aka fara ta a Nuwambar 2017, yana zama ya ci abinci da su sama da dubu a babban zauren fada. A farkon 2025 ya roƙi ƙasashe masu arziki su yafe bashin ƙasashen da ba za su iya biya ba, maganar da ta shafi kowace ƙasar Afirka da kuɗin ruwa ke cinye kason asibiti da makaranta. A Fabrairu, kwanaki kaɗan kafin a kwantar da shi, ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka yana sukar shirin korar baƙi da yawa a lokaci guda. Ya kuma rasu a daidai watannin da gwamnatin Amurka ke rushe hukumar agajinta ta USAID, ƙasashen Turai da dama na rage kasafin taimako suna ƙara na makamai. Asibitocin ƙanjamau da cibiyoyin tamowa a Afirka, na coci da na gwamnati da na ƙungiyoyin Musulmi, duk abin ya taɓa su. Ba a rasa masu dafa abinci a titin Dandolo ba. An rasa mutumin da in ya yi magana a kan masu cin abincin, shugabannin duniya ke jin nauyin yin kamar ba su ji ba.

Musulmi da yawa sun yi jimaminsa, kuma da dalili. Shi ne ya shiga babban masallacin unguwar PK5 a Bangui a Nuwambar 2015 lokacin da Musulmin birnin ke killace ba sa iya fita. Shi ne ya sa hannu da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi a Fabrairun 2019. Shi ne kuma yake kiran ƙaramin cocin Katolika na Gaza kusan kowane dare tun da yaƙi ya ɓarke, yana tambayar ko sun samu abin ci. Taron shugabannin addinai da John Paul na biyu ya fara a Assisi a 1986, Sant'Egidio ce ta riƙe shi tana maimaita shi duk shekara a birane daban-daban, malaman Musulunci na halarta.

A al'adar cocin, kwana tara ake yi ana addu'o'in makokin fafaroma. Ranar 8 ga Mayu kadinal-kadinal suka zaɓi Robert Prevost, haifaffen Chicago wanda ya yi shekaru yana aiki cikin talakawan Peru, ya ɗauki suna Leo na 14. Babbar takardar koyarwa ta farko da ya fitar, a Oktoban 2025, a kan ƙaunar talakawa take, kuma ya faɗa a fili cewa Francis ne ya fara rubuta ta shi ya ƙarasa. Salonsa ya fi na magabacinsa sanyi da taka-tsantsan, kuma masu wannan aiki na lura da ko muryarsa za ta kai inda waccan take kaiwa.

Wani aikin da Francis ya bari a hanya ya kammala ranar 15 ga Yunin 2025. Floribert Bwana Chui ɗan Sant'Egidio ne a birnin Goma na gabashin Kwango, yana hidima da yaran titi, yana kuma aiki a hukumar duba ingancin kayan da ke shigowa ta iyaka. A 2007 aka kawo lalatacciyar shinkafa, ya ƙi barin ta wuce. Aka ba shi cin hanci ya ƙi, aka yi masa barazana ya ƙi, domin ya san talakawa ne za su saye ta su ci. A watan Yuli aka sace shi, aka azabtar da shi, aka kashe shi yana da shekara 26. Francis ya ba matasan Kinshasa labarinsa a filin wasa a Fabrairun 2023, sannan a Nuwambar 2024 ya amince a ƙirga shi cikin waɗanda aka kashe saboda imaninsu. An yi bikin ɗaukaka shi zuwa matakin da ke gab da waliyyi a Rum, ba a Goma ba, domin tun Janairun 2025 garin yana hannun 'yan tawayen M23.